Tutar da Na Cire daga Rigar Baturiya

A shekarar da kafilina, mutumin da nake zaune a ƙasar nan ƙarƙashin sunansa, ya rasu, shagonsa na yadi da ke Bab Makka ya koma hannun babban ɗansa, ni ma na koma hannunsa tare da shagon. A Jidda aka haife ni, a unguwar Kurayyat na girma. Kakata ce ta zo aikin hajji tun zamanin da ake zuwa a ƙafa, ba ta koma ba. Duk da haka a kan iƙama, takardar izinin zama ta baƙi, nake zaune, kuma duk shekara sai kafili ya yarda kafin a sabunta mini ita. Tsohon bai taɓa ba ni wahala ba. Ɗan kuwa, tun a zaman makoki aka ji shi yana cewa mutanen da ke ƙarƙashin sunan babansa sun yi yawa, zai rage. Bai faɗi su wa zai rage ba. Iƙamata kuma ta kusa ƙarewa.

A takarda, ni mai ɗinkin shagon ce. Nakan karɓo yadi in kawo gida in ɗinka in mayar. Amma ina da wasu mata da nake yi wa abaya da gyaran kaya a gefe, abin da tsohon ya sani ya kau da kai. Ko ɗan ya sani, ban sani ba. Saboda haka a watannin nan ko allura ce ta faɗi a ɗakina sai na duba ƙofa.

Wata rana da hantsi ɗaya daga cikin matan nan ta zo, wata mai hali da ke zaune a arewacin gari. Ba ita kaɗai ta zo ba. A bayanta akwai wata doguwar Baturiya, siririya, abayarta ta yi mata gajarta, tana rungume da leda kamar mai ɗauke da jariri.

Da Larabci matar ta ce, "Ya Hajja, wannan malamar 'yata ce. 'Yar Rasha ce. Ita ke koya wa yara zamiya a kan ƙanƙara a mol. Ƙaramin aiki ta kawo miki."

Na san akwai filin ƙanƙara a cikin wata babbar kasuwar zamani, inda yara ke sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa suna sulɓewa. Ban taɓa zuwa ba. Na ba su wuri, na kawo shayi.

Baturiyar ta buɗe ledar ta fito da rigar sanyi mai kauri, shuɗiya, ta ɗan koɗe. A hannun rigar an ɗinka ƙaramar tuta, fari da shuɗi da ja. A ƙirji kuma akwai tambari mai faɗin tafin hannu, da hoton wani tsuntsu mai kai biyu, kowane kai yana kallon nasa gefen. Ta ɗora yatsa a kan tutar, ta ɗora a kan tsuntsun, ta ce da guntun Larabcinta, "Wannan, cire. Wannan ma, cire. Kada ya bar alama."

Na ƙi taɓa rigar.

Wanda bai zauna a unguwarmu ba ba zai gane ba. A nan, idan mutum ya kawo wa tela kaya ya ce a cire tutar ƙasarsa, abu ɗaya yake nufi. Ya zo umara ne ya ƙi komawa. Irinsu sukan ɓoye fasfo, su kankare tambarin jaka, su farke duk wata alama a riga, don in an kama su kada a san inda za a mayar da su. An taɓa kawo mini yadin alhazai mai tambari a jiki aka ce in juya shi ciki ya koma waje, na ƙi. Wani tela a unguwar Sa'alaba bai ƙi ba. Da aka zo kame aka tarar da tarin irin kayan a ƙarƙashin kekensa, aka haɗa da shi aka kai gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora. Shi ma a nan aka haife shi.

Na ce, "Me ya sa za a cire?"

Matar ta yi mini bayani tana duba wayarta. Ta ce malamar a ƙasarsu 'yar gasa ce tun tana ƙarama. Da ƙasarsu ta shiga yaƙi, aka hana 'yan wasansu shiga gasar ƙasashen waje, daidai lokacin da take ganiyarta. Ta jira, ta gaji da jira, ta zo nan tana koyar da yara. Yanzu 'yar matar za ta je wata ƙaramar gasa a waje, ana so malamar ta raka ta ta tsaya mata a bakin fili. Amma an ce in za ta tsaya, kada a ga tutar Rasha ko tambarinta a jikinta. Bizar ma ba ta fito ba tukuna, ana jira.

Na ce, "To ta sayi wata rigar mana. Jidda cike take da riguna."

Da aka fassara mata, Baturiyar ta girgiza kai. Ta ce da wannan rigar take tsayawa a bakin fili tun tana 'yar wasa, ba ta da wata, ba ta kuma son wata.

Wannan amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Mutum yana son riga har ya kasa rabuwa da ita, amma yana son a cire mata abin da ya sa ta zama ita? Na so in ce a'a. Sai dai matar ta daɗe tana kawo mini aiki, kuma ta san ɗan kafilina, a shagonsu take sayen yadi. In na ƙi ta ji haushi, wata rana tana zaɓen yadi ta ce, "Mai ɗinkinku ta Kurayyat da ke mini abaya," shi ke nan ta tona ni ba da niyya ba. Na ce su bar rigar, zan duba. Suka tafi.

Ko kofunan shayi ban kwashe ba maƙwabciyata ta shigo. Ƙofarmu na kallon juna, tare muka yi firamare, kuma ba abin da ke shiga lungunmu ya fita ba ta gani ba.

"Ke, yaushe kika fara ɗinka wa Turawa? Ko kin samu sabon kafili ne ba mu sani ba?"

Na nuna mata rigar, na faɗa mata abin da aka ce.

Ta ɗaga ta sama tana kallon tsuntsun. "A'uzubillahi. Wannan kaza ce ko ungulu? Kai biyu! Ɗaya na kallon tafiya, ɗaya na kallon zama."

"Ki bar wasa, don Allah."

"Wa ke wasa? Ya ukhti, takari takari ne, ko fari ne ko baƙi. Bizarta ta ƙare, ta ga Jidda da daɗi, shi ne aka haɗo miki labarin ƙanƙara. Wa ya taɓa jin an hana mutum sulɓi saboda yaƙi? Sulɓin ne ke harba bindiga?"

"Matar da ta kawo ta ba ta ƙarya."

"Ba ta ƙarya, amma ana iya yi mata. Kuma in abu ya ɓaci, ita 'yar ƙasa ce, a ce mata sannu ta tafi gida. Ke fa? Ina za a kai ki? Garin kakarki da ko hanyarsa ba ki sani ba?"

Ta faɗi abin da ke raina. Fasfona na wata ƙasa ne da ban taɓa taka ta ba. Hausata ma in na yi wa sababbin zuwa sai su yi murmushi, su ce ta yi ƙamshin Larabci.

Na naɗe rigar na sa a ƙasan kwandon ƙyallaye. Bayan sallar azahar na ciro ta, don na tuna a ƙarƙashin keke aka samu kayan telan Sa'alaba. Na rataye ta a fili cikin abayoyi, kamar ba komai. Sai na ga duk wanda ya leƙo zai ga ja da shuɗin nan. Na juya ta ciki waje. Na laluba aljihunan, na matsa shafin rigar daga wuya har ƙasa ko an ɗinke wani abu a ciki, don kakata ta ba mu labarin yadda suke ɗinke abin da suke tsoron a ƙwace a cikin shafin riga. Ban samu komai ba sai tsohuwar safar hannu guda ɗaya da ta huje a yatsa.

Kwanaki rigar tana nan. Duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai in tsayar da keke in saurara. Na tambayi wani mai sayar da waya a Bab Makka ko gaskiya ne an hana 'yan Rasha wasa. Ya ce e, ya ji an hana su wasanni da yawa, wasu kuma ana barinsu su shiga amma ba tuta ba taken ƙasa, bayan an bincike su. Na ce to ka ga. Da na baro shi kuma sai na ce a raina, ai mai son ɓuya ma da labarin gaskiya zai lulluɓa.

A ƙarshe na ce sai na gani da idona. Na ja maƙwabciyata muka hau mota bayan la'asar muka tafi mol ɗin. Tun daga nesa sanyin ya fara dukan fuskata. Filin fari fat, an kewaye shi da gilashi, iyaye na tsaye suna ɗaukar hoto.

Maƙwabciyata ta ƙudundune cikin mayafi. "Mutum ya biya kuɗi a sa shi a firji. Allah ya shirya. Ina 'yar taki?"

Tana tsakiyar fili, yara sun kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tana tafiya da baya tana riƙe da hannun wata ƙarama, tana cewa, "Yalla, yalla, gwiwa, lanƙwasa gwiwa." Da yaran suka fita hutu ta rage ita kaɗai. Ta zagaya filin a hankali, sai kawai ta ɗaga ƙafa ɗaya ta fara juyawa a wuri guda, tana ƙara sauri, har na kasa bambance fuskarta da ƙeyarta. Ta tsaya cak. Ba wanda ya tafa mata. Mai goge gilashi ma bai ɗaga kai ba.

Maƙwabciyata ta ce, "To, sulɓin dai ta iya. Wannan ba a koyonsa don a yaudari tela."

"Iya sulɓi ba takarda ba ne."

"Ke kam ko mala'ika ya zo sai kin ce ya nuna iƙama."

Abin da na lura da shi ba juyin ba ne. Wata 'yar rigar saƙa ce a jikinta, marar kauri. Da ta zo bakin fili shan ruwa na ga tana murza damatsanta, leɓenta ya yi duhu. Rigarta tana rataye a ɗakina cikin abayoyi, ita kuma tana wuni a kan ƙanƙara a haka. Wannan ya dame ni. In ƙarya take yi, hakkinta na sanyi dai yana wuyana. In gaskiya take yi, ya fi nauyi.

Ta hango ni ta taso da sauri. "Riga? Halas? An gama?"

Na ce, "Gobe. Ki zo da kanki. Da rana."

Na riga na yanke yadda zan yi. Washegari na buɗe ƙofar ɗakina har bango, na ɗaga labule, na kira maƙwabciyata ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, don kada a ce a ɓoye aka yi. Da Baturiyar ta zo na miƙa mata ƙaramin almakashi na nuna mata zaren farko a gefen tutar. Na ce ita za ta fara yankewa. Ni ban taɓa sa almakashi a tutar kowa ba, kuma in an tambaye ni ina so in iya cewa mai rigar ce ta fara da hannunta.

Ta karɓi almakashin ta daɗe tana kallon wurin.  Ta yanke. Ta tura mini rigar ta juya tana kallon bango.

Na warware sauran a hankali da bakin reza, ina tsince zaren da yatsa. Ɗinkin mai kyau ne, ƙanana, ba na gaggawa ba. Da tutar ta fita, da tsuntsun ya fita, sai ga matsala. Rigar ta koɗe ko'ina ban da ƙarƙashinsu. Wurin tutar ya fito shuɗi mai duhu, kusurwa huɗu, wurin tambarin kuma da siffarsa sak, har da huda-hudan allura a kewaye.

Maƙwabciyata ta leƙo. "Tsuntsun ya tashi ya bar inuwarsa."

Baturiyar ta duba, ta rufe baki da hannu. Na ce ta zauna. Na farke ƙasan rigar ta ciki inda aka naɗe yadi, na yanko ƙyalle mai launi ɗaya, na yi aljihu a ƙirji ya rufe wurin tsuntsun, na yi wa hannayen biyu faci iri ɗaya don kada ɗaya ya tona ɗaya. Ta sa rigar a zafin Kurayyat ta tsaya gaban madubi. Ta ce, "Shukran," a hankali.

Na tattara tutar da tambarin na miƙa mata. Sai ta mayar da hannunta baya.

"A'a. Ke ajiye. In na tafi za a buɗe jakata. Ɗakina kuma ba ni kaɗai ba ce. In na dawo, in karɓa."

Na ce ba zan iya ba. Ta riƙe hannuna ta naɗe yatsuna a kansu, ta faɗi kalmar da ban san inda ta koye ta ba. Ta ce, "Amana." Ta saki hannuna ta fita.

Maƙwabciyata ta ce, "Mabruk. Yanzu kin zama ofishin jakadanci."

Ban yi dariya ba. Ga ni da tutar wata ƙasa mai yaƙi a tafin hannu, a makon da ɗan kafili zai duba sunayenmu. In jefar, amana ce. In ƙona, tutar mutane ce, mu kuma a nan an raine mu da sanin ba a wulaƙanta tuta. In ajiye, ga ƙasan keken telan Sa'alaba yana yi mini gizo. Kuma maƙwabciyata, Allah ya sani ina ƙaunarta, amma kafin magariba gidan mai burodi sun san labarin tsuntsu mai kai biyu. Daga gidan mai burodi zuwa Bab Makka ba nisa.

Na ga gara ɗan kafili ya ji daga bakina. Da safe na naɗe tutar da tambarin a hankici na tafi shagon. Yana zaune a kujerar babansa yana danna waya. Na jira masu sayayya suka fita, na buɗe hankicin a kan teburin awo, na faɗa masa komai, har da abayoyin da nake ɗinkawa a gefe, don labarin ba ya tsayuwa in ba su.

Ya ɗauki tambarin da yatsu biyu ya juya shi. "Akwai sunan Allah a jiki?"

"Babu."

"A shagona aka yi?"

"A ɗakina. Ƙofa a buɗe, da shaida."

"Baturiyar tana da iƙama?"

"Ban gani ba. A mol take aiki, a gaban kowa."

Ya dube ni. Ban iya karanta fuskarsa ba, ba kamar ta babansa ba. Sannan ya jawo aljihun tebur inda ake zuba maɓallai da tsofaffin zif, ya jefa su ciki ya tura.

"Su zauna a nan, ya Khala. In tana so ta zo Bab Makka ta karɓa. Abaya kuma na sani tun babana na da rai. Daga yau ta shago za su riƙa biyowa. Halas."

Na tsaya. Saura zancen iƙamata.

Bai ɗago daga wayar ba ya ce, "Iƙamarki ma na sani. Je ki."

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayata cewa an sabunta. Na karanta, na kai wa maƙwabciyata ta sake karanta mini. Mutum biyu daga cikin na shagon ba a sabunta musu ba, kuma har yau ban san da me aka auna mu ba.

Baturiyar ba ta yi tafiyar ba. Matar da ta kawo ta ta ce bizar ba ta fito ba har ranar tashi, yarinyar ta tafi da mahaifinta, wani baƙo ya tsaya mata a bakin fili. Na aika wa malamar cewa amanarta tana shago a Bab Makka, na kwatanta wurin. An ce ta ce to. Ba ta zo ba. Na sake aikawa, ta ce a bar su tukuna, wataƙila baɗi a bar ta ta tafi. Maƙwabciyata ta ce wannan ya nuna tun farko ba tafiyar da za a yi. Ni ban sani ba. Na koma mol ɗin sau ɗaya ni kaɗai, na hango ta ta gilashi cikin rigar mai sabon aljihu, tana tafiya da baya riƙe da hannun wani yaro. Ban bari ta gan ni ba.

Duk lokacin da na kai ɗinki shago, in ɗan kafili ya jawo aljihun nan neman maɓalli, sai in leƙa. Suna nan, ja da shuɗin yana leƙowa daga ƙarƙashin zif. Bai taɓa sake maganarsu ba. Wani lokaci in ce ya manta ne. Wani lokaci kuma in ce mutumin da ya san zancen abaya tun babansa na da rai bai faɗa ba, ba mai mantuwa ba ne, kuma baɗi ma sai ya yarda kafin a sabunta mini.